Murjanin Anisatu da Rijiyar Kaka

Bawku, 5 ga Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Zuweira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin yi Sallah lafiya, kuma ƙafar tana sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Sun ba ni ɗaki kusa da kasuwar shanu, aikina duba dabbobin da ake shigowa da su daga Burkina da Togo. Wutar nan ba ta da tabbas, ɗakin kuma ya fi tanda zafi, shi ya sa nake ƙara godiya da kika yarda tankin kifin matata Anisatu ya zauna a falonki, inda akwai sola.

Kin ce in rubuta miki komai a takarda don waya ba ta riƙe lissafi. To, ga shi. Kifaye biyun ba su da wuya. Abin da nake jin tsoro shi ne koren murjanin nan mai rai da ke tsakiya. Anisatu ta samo shi tana karatu a Cape Coast, bai kai kan yatsa ba, ta yi shekara shida tana renonsa har ya yi kawuna goma sha ɗaya. Tun da Allah ya karɓe ta bara, shi ne abu ɗaya nata da har yanzu yake girma.

Babban maƙiyinsa wani sinadari ne da ake kira naitiret, irin wanda ke cikin takin zamani. Daga kashin kifi da ragowar abinci yake taruwa, ido kuma ba ya ganinsa. Na ba Sayibu direba 'yan kwalabe da kati mai launuka. Ki ɗebi ruwan tankin, ki ɗiga maganin, ki jira minti biyar, ki gwada da katin. Goma zuwa ƙasa lafiya. In ya wuce ashirin, sai a tashi tsaye.

Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye nan take. Ki wanke soson tacewa duk kwana uku, ki zubar da kofin injin kumfa in ya cika. Duk Juma'a ki kwashe galan ɗaya, ki mayar da sabo wanda kika dama da gishirin teku. Abin da zafi ya shanye kuma ki cike da ruwa zalla, ba gishiri. Ruwan dai ya zama mai tsabta sosai, wanda ba a fi shi. Galan huɗun da na bari za su kai ki 'yan kwanaki.

A gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Jamaldeen

*

Salaga, 12 ga Afrilu

Zuweira,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Muna lafiya, sai zafi. Shakira matar ɗana Nasrullah ta shiga wata na takwas, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma tana cin tuwo kamar manomi. Ki shirya, ke za ki karɓi wannan ma, ritaya ko ba ritaya ba.

Saƙonki ya iso. Ga galan shida na ruwan rijiyar Kaka, na sa an ɗora a motar doya da ke bi ta Bimbilla. Yaron motar ya so ya yi mini ƙorafin nauyi, na ce masa rijiya ta bayar, guga ba zai hana ba.

Na yi dariya da na ji wai kifi za a ba. Amma da na tuna na wace ce, sai dariyar ta tsaya. Kin yi daidai. Garin nan rijiyoyi ne ko'ina, amma kowa ya san tamu daban take. Kakanmu ya haƙa ta da ribar goro, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma babu ɗan gidan nan da ba a yi masa wankan farko da ita ba, har da ke, har da 'yarki. In akwai ruwan da ya dace da abin da yarinyar nan ta bari, shi ne wannan.

Duk sati zan aiko. Shanu sun kai ashirin da uku yanzu, na faɗaɗa garken har kusa da katangar rijiya don shayarwa ta yi sauƙi.

Yayanki,
Alhaji Mudasiru

*

Yendi, 19 ga Afrilu

Ɗana Jamaldeen,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ni ma lafiya. Ka riƙa cin abinci, na san halinka in aiki ya yi yawa.

Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu, na ga ka rubuta mini kamar wadda ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Shekara talatin da huɗu ina aikin ungozoma, ina duba fitsarin masu ciki da kati mai launi tun kana yawo ba wando. Wannan naka wasa ne.

Gwajin farko ya ba ni goma sha biyar. Na jiya ya ba ni talatin. Kada hankalinka ya tashi, na riga na ɗauki mataki. Na rage abinci, yanzu ina tsallake rana guda. Soso ina wanke shi kullum. Na sa fanka tana hura saman ruwan saboda zafi, sai dai hakan yana shanye kusan bokiti ƙarami a rana, ina cikewa. Na kuma mayar da canjin ruwa sau biyu a sati, galan bibbiyu. Galan ɗinka sun ƙare, amma batun ruwa ka cire shi daga ranka, na samo wanda duk ƙasar nan ba a fi shi.

Maƙwabta sun mayar da falona gidan kallo. Wata tsohuwa Badagomba ta tambaye ni yaushe za a soya su, na ce sai ranar bikinta na biyu. Ni kaina da, murjani a wuyan amarya kawai na san shi. Yanzu kuwa da safe, bayan na idar da lazimi, sai in ja kujera in zauna ina kallon yatsun nan kore suna rawa a ruwa. Ka san ban taɓa kiran sunan matarka ba, 'yar fari ce, kunya ba ta bari. Mai Kifi nake ce mata tun tana sakandare. Amma in na zauna a gaban gilashin nan, ji nake kamar tana ɗakin.

Nan da sati biyu zan aiko maka da goma, ka rubuta ka ajiye.

Gwaggonka,
Zuweira

*

Yendi, 4 ga Mayu

Jamaldeen,

Ina fata kana lafiya, don ban san ko kana lafiya ba. Wayarka ba ta shiga, takarda kuma shiru. Sayibu ya ce ya bar maka tawa a ofis.

Na yi maka alkawarin goma, ga shi ina rubuta maka tamanin. Daga talatin ya koma hamsin, na ƙara yawan canjin ruwa, ya koma tamanin. Wata ciyawa mai kama da gashi ta fito a kan duwatsu, ina tsinke ta da safe, kafin la'asar ta dawo. Murjanin ya bar kore ya koma launin ƙasa. Kawuna biyu na gefe sun shige ciki, tun Talata ba su fito ba, ina hango farin ƙashinsu.

Ban karaya ba, kuma ban daina komai ba. Amma ina so ka sani raina a ɓace yake. Ka ba ni amana ka tafi ka yi shiru. In ka gaji da tunawa da ita ne, ka faɗa mini, zan gane, kai yaro ne, rayuwa tana gabanka. Ni ba ni da wata 'yar.

Zuweira

*

Bawku, 10 ga Mayu

Gwaggo,

Ki yafe mini, don Allah. Sati uku muna daji muna yi wa shanu allura kafin kasuwar layya, babu sabis ko kaɗan. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu tare. Maganarki ta ƙarshe ta yi mini ciwo. Ban gaji ba, kuma ba na jin zan gaji.

Tamanin ya yi yawa ƙwarai. Kifi biyu ba za su iya kawo wannan ba, ko da kashi suke yi dare da rana. Dole wani abu yana shiga tankin. Kada ki ji haushi, amma na san gidanki, ba a barin baƙo da yunwa. Ina zargin masu zuwa kallo suna jefa musu gutsuren burodi ko ƙuli-ƙuli in kin juya baya. Ko kuma ke da kanki tausayi yana sa ki ƙara musu. Ki ɓoye abincin, ki rufe saman tankin. Ki duba bayan duwatsu ko wani dodon koɗi ya mutu yana ruɓewa.

Ki ci gaba da canjin ruwa, shi ne magani. Hutu ba zai samu ba sai bayan Babbar Sallah.

Jamaldeen

*

Yendi, 15 ga Mayu

Ɗana,

Na gode wa Allah da kake lafiya, na kuma janye maganata, zafin zuciya ne. Amma batun ƙuli-ƙuli, kai ma ka janye naka. Babu mai taɓa tankin nan sai ya bi ta kaina.

Duk da haka takardarka ta yi amfani, ta inda ba ka nufa ba. Ka ce canjin ruwa shi ne magani. Sai na tuna abin da wata tsohuwar sista, malamar jinya, ta koya mana a makaranta: in kina ba da magani ciwo yana ƙaruwa, ki bar kallon mara lafiya, ki duba kwalbar. Na ɗauko littafina na bi kwanakin. Duk ranar da na canza ruwa, washegari adadin sama yake yi. Ruwa ba ya tsami banza.

Na je na buɗe sabon galan, wanda ban sa wa gishiri ba, na ɗiga maganinka. Ko minti biyar ɗin bai cika ba ya yi ja wur, ya kai ƙarshen katin. Na sake da wani galan, haka. Na sayi fiya wata na leda na gwada, fari tas.

Yanzu sai in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Ruwan rijiyar Kaka ne. Yaya Alhaji ke aiko mini da shi daga Salaga duk sati. Ka ce ruwan da ba a fi shi, ni kuma a duniya ban san wani ruwa da ya fi wanda na yi mata wankan farko da shi ba. Ga shi garau, ga daɗi a baki. Da hannuna na yi wata guda ina ɗura wa abinta guba, ina ganin gata nake yi masa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na gama na wanke fuska na ɗaura ɗankwali.

Na je wurin masu yin fiya wata a hanyar Tamale, na sa mai gidan ya nuna mini injin tacewarsa, na gwada ruwan a gabansa. Zai riƙa cika mini galan kai tsaye daga injin. Ba zan kwashe duka lokaci ɗaya ba, na san jikin da ya jima da ciwo ba a yi masa gaggawa. Galan biyu duk kwana huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Na lissafa: tamanin, sittin, arba'in da biyar, haka har ƙasa. In akwai gyara ka faɗa.

Kawuna biyun sun mutu. Saura tara, kuma taran nan ba za su mutu a hannuna ba, in Allah ya yarda.

Abin da ya rage mai wuya shi ne Yaya. Shakira ta kusa haihuwa, kuma ka san abin da ake fara ɗiga wa jariri a baki a gidan nan.

Gwaggonka

*

Yendi, 15 ga Mayu

Yaya Alhaji,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina fata kowa lafiya, musamman mai ciki.

Yaya, ka dakatar da aiko da ruwa. Zan faɗa maka dalili kai tsaye, don ban iya kwana-kwana ba, kai ma ka sani. Ruwan rijiyar Kaka ne yake kashe murjanin. Na gwada shi sau uku. Akwai wani sinadari a ciki mai yawa, wanda ke fitowa daga kashin dabbobi da masai da taki, ya bi ƙasa ya shiga ruwa. Ba ya canza launi, ba ya wari, tafasawa kuma ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Babba yana iya sha bai ji komai ba. Jariri ba haka ba ne. Yana hana jininsa ɗaukar iska, leɓensa ya yi shuɗi. Na taɓa ganin haka da idona a wurin aiki, ba na so in gani a gidanmu. In Shakira ta sauka, a yi wa yaro wanka da ruwan kamar yadda aka saba, babu laifi. Amma kada a ɗiga masa a baki, kada a wanke rubutu da shi a ba shi, kada a dama masa komai da shi. Nono ya ishe shi.

Kada ka tsaya a maganata. Ka ba Nasrullah kwalba ɗaya ya kai ɗakin gwajin ruwa a Tamale. Sannan ka fita ka tsaya a bakin rijiya, ka ƙirga taku nawa ne zuwa garken shanunka.

Na san abin da rijiyar nan take a wurinka. A wurina ma haka take.

Ƙanwarka,
Zuweira

*

Salaga, 2 ga Yuni

Zuweira,

Sallama. Muna lafiya. Na san kin kira sau da yawa ban ɗauka ba. Da gangan ne.

Ranar da takardarki ta zo na ce wa mutanen gida Zuweira ta tsufa, dutse a cikin gilashi ya fi mata kakanta. Na ɗebo ruwan na sha kofi biyu a gabansu. Kwana biyar ban bar kowa ya ambaci maganar ba. Nasrullah ne ya saci jiki ya kai kwalbar Tamale ba da sanina ba, don shi matarsa ce ke da ciki. Takardar da ya dawo da ita ta ce abin da kika ce. Wai ya ninka abin da aka yarda a sha.

Na ƙirga takun. Bakwai ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara huɗu da suka wuce 'yarki ta zo hutu, lokacin shanu takwas ne kacal. Ta zagaya rijiyar, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, garken nan ya yi kusa paa, kusa ƙwarai, kuma a tudu yake, sama da rijiyar. A matsar da shi, in tafi da ruwan in gwada." Na ce mata, "Ke da aka wanke da ruwan nan, yau ke za ki gwada shi?" Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi murmushi ta tashi. Ba ta sake maganar ba har ta bar duniya. Ni kuwa na ƙara shanu goma sha biyar.

Rijiya ba ta yi laifi ba, Zuweira. Kaka ya bar mana ita da tsabta, ni na ɓata ta. Na mayar da garken gona, bayan gari. An kwashe takin, za a ɗaure bakin rijiyar da siminti. Sun ce zai ɗauki lokaci kafin ta warware, wataƙila damina biyu ko fiye. Zan jira. In ban kai ba, Nasrullah ya ci gaba da gwadawa.

Shakira ta sauka jiya da hantsi, mace, kafin mu aiko a ɗauko ki. An yi mata wanka da ruwan Kaka. Bakinta kuwa dabino na tauna na shafa mata, ko ɗigo ban bari an ba ta ba. Tsofaffin gida sun yi gunaguni, na ce duk mai magana ta zo ta same ni.

Bayan suna zan zo Yendi. Ina so in ga abin nan da ya faɗa mini gaskiya na ji, alhali mai shi ta faɗa ban ji ba.

Yayanki,
Mudasiru

*

Yendi, 16 ga Yuni

Ɗana Jamaldeen,

Barka da Sallah, ina fata kasuwar layya ta bar ka da sauran ƙarfi. Na je suna Salaga na dawo lafiya, jaririya kamar tuffa, sunanta Hikmat.

Ga lissafinka. Canji takwas na yi. Gwajin safiyar yau ya ba ni goma. Na yi maka alkawarinsa tun Afrilu, ya makara, amma ya zo. Ciyawar gashin ta kusa ƙarewa. Ganyen tekun da ka aiko ta hannun Sayibu, in sa a ƙaramin tanki na ƙasa don ya riƙa shanye naitiret, ya ninka, har na yanke rabi na zubar kamar yadda ka ce. Na koma galan ɗaya duk Juma'a. Kawuna taran duk sun buɗe, koren yana dawowa daga bakin yatsun. Ɗaya daga cikinsu kuma ya fara tsagewa a tsakiya. Da farko na tsorata, sai na duba da kyau. Ungozoma ba ta kasa gane wannan: biyu zai zama.

Yaya Alhaji ya biyo ni, ya kwana biyu. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba. Ya shigo falo ko ruwa bai sha ba, ya ja kujerata ya zauna a gaban gilashin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya fi rabin awa yana kallo. Na nuna masa fararen ƙasusuwan kawuna biyun da suka mutu, na ce zan cire su. Ya ce in ba shi, zai ajiye a bakin rijiya.

Can sai ya tambaye ni, wai in mutanen Salaga suka ce me ya sa ya kwashe garkensa, me zai ce musu sunan abin nan? Na buɗe baki zan ce na Mai Kifi ne, kamar kullum. Sai na ji kaina na ce, "Ka ce musu murjanin Anisatu ne."

Shekara talatin da ɗaya tun da na haife ta, ban taɓa furta sunan ba sai ranar. Yaya ya juyo ya kalle ni. Ashe suna ne mai daɗi a baki.

In ka samu hutu ka zo ka gani. Ka taho da gishiri, wanda ka bari saura kaɗan.

Gwaggonka,
Zuweira, uwar Anisatu